Yadda Na Bar Garajin Ba Kiyari

Na san abin da kuke ji a gidan kawunanku tun kuna ƙanana: wai ni na kashe garajin kakanku Ba Kiyari, mutumin da ya koya mini sana'a ya kuma ba ni ƴarsa, na janye masa mutane na bar shi zaune a kan benci. Ban taɓa tanka wannan magana ba, don lokacin mahaifiyarku Fanna tana da rai, kuma duk abin da zan faɗa a kanta zai sauka, ko ta wajen ubanta ko ta wajen mijinta. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙanta, ni ma ƙarfi ya tafi. Ba wanke kaina zan yi ba, ba kuma laifin wani zan tono ba. Yadda abin ya faru kawai zan ba ku, ku riƙe.

Na zo Diffa daga Damagaram ina saurayi, na biyo kawuna mai shagon atamfa a kasuwa. Zaman shago bai karɓe ni ba. Da ya gaji da ni sai ya kama hannuna ya kai ni wajen Ba Kiyari, ya ce masa ga ɗan ƴar'uwarsa nan, ba ya iya zama wuri guda, ko ƙarfe zai zaunar da shi. Ba Kiyari Babarbare ne ɗan Barwa, can wajen Bosso. Danginsa duk manoman tattasai ne da masunta, shi kaɗai ya bar gona ya bi manyan motoci har ya iya inji, ya dawo ya kafa garaji ƙarƙashin itatuwan dogon yaro a hanyar tasha. Dogo ne marar yawan magana, Hausarsa da nauyin Barbarci, in ya yi fushi ba ya ɗaga murya, sai dai ya rage ta. Duk motar da ke jigilar tattasai daga bakin kogin Komadugu ta san hannunsa. Yana da doka guda da ba ya sassauta wa kowa: kafin hannu ya taɓa inji, sai an cire kan batir. Na yi shekaru ƙarƙashinsa. Da lokacin aure ya yi, shi da kansa ya aika wa kawuna cewa in ina son Fanna ya ba ni. Daga nan na daina zama a bencin da yake zaune, na daina cin abinci a gabansa, amma aiki muna yi tare kullum, ni da shi da ɗansa Madu, kawunku.

Bayan shekara ta dubu biyu da ƴan kai motoci suka fara canja mana. Ƴan kasuwa suka shiga kawo na hannu daga Kwatano, waɗanda aka gama hawa a Amurka. In ka ɗaga murfin inji ba ka ganin abin da ka saba gani, sai roba baƙa da wayoyi. Da farko ba su dame mu ba, birki birki ne, taya taya ce. Wadda ta dame mu ita ce ta Alhaji Bukar, babban mai sayen tattasai ɗan Tumur, sa'an Ba Kiyari ne kuma amininsa tun suna yaran mota. Ya sayi wata doguwa mai ja da ƙafa huɗu don shiga gonakin bakin kogi. Shekarar nan ya yi jinya da damina, motar ta yi zamanta a rumfar gidansa ba mai hawa. Da ya miƙe ya koma hawanta, ba a jima ba wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa, da hoton inji a jikinta, ta kama a tablon gaban direba ta ƙi mutuwa. Ya kawo ta garaji. Ba Kiyari ya tayar da ita ya saurara, ya taka ya sake saurarawa, ya zaga da ita har bakin gari ya dawo. Ba ta fizga, ba ta hayaƙi, ba ta zafi. Ƙorafi guda Alhaji ya ƙara da shi, ya ce in ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da esans a kwalba da jarka bakin titi, suna ɗura mata, sai man ya dinga dawowa ta mazurari yana zuba a ƙasa, sai sun bi a hankali kamar ana ba marar lafiya kunu. Ba wanda ya kula da wannan a cikinmu. Madu ya ce mazuraransu ne ba su da kyau, aka bar maganar a nan.

Tunda hoton inji ne ya kama, Ba Kiyari ya ce ciwon a inji yake. Ya cire kan batir, ya canja bugi, wato fulogi, ya mayar. Da aka tayar fitila ta mutu. Alhaji ya yi murna ya tafi. Bayan ƴan kwanaki sai ga shi ya dawo, ta sake kamawa. Aka canja matatar mai, ta mutu, ta sake dawowa. Aka sauke tanki aka canja famfon da ke cikinsa, wanda sai da aka aika Kano aka samo, ta mutu, ta sake dawowa. Kowane karo Ba Kiyari da bakinsa yake cewa an gama, kowane karo kuma motar nan sai ta shigo garaji a hankali, Alhaji ya sauko yana kallon ƙasa kamar shi ya yi laifi. Direbobin tasha suka fara zolaya, in sun wuce su tambaya ko fitilar Alhaji ta kwana lafiya. Madu ya kawo shawara a cire tablo a zare ƙwan fitilar, kowa ya huta, tunda mota tana tafiya. Ba Kiyari ya dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

“Mota tana kuka, kai kuma ka toshe mata baki? Ba a garajina ba.”

Abin da ya rage masa shi ne ya buɗe kan injin ya gani da idonsa, ya kuwa buɗe. Na riƙe masa fitilar hannu yana duba ciki lungu-lungu, komai fes, kamar jiya aka ƙera. Na ga hannunsa ya tsaya a kan ƙarfen ya daɗe bai motsa ba. Da muka zo rufewa, shimfiɗar da ake sawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wadda muke ce wa juwan, ba a sami irin tata ba a Diffa, sai mai kama da ita. Muka rufe da ita. Fitila ta mutu. Kafin sati ya zagayo ta dawo, yanzu kuma injin da a da ba ya komai ya fara zubar da baƙin mai a gefe. Alhaji Bukar bai yi faɗa ba. Ya zauna a bencin abokinsa suka sha shayi, ya yi masa magana da Barbarci a hankali cewa ya ji labarin masu wata na'ura a Maiduguri, yana so ya gwada can, ba don raini ba. Ba Kiyari ya ce motarsa ce. Sai ya juyo ya ce in bi Alhaji in tuƙa shi, kada baƙin man ya ƙare mana a hanya ba mai lura.

Muka haye Komadugu muka bi ta Damasak. A Maiduguri aka kwatanta mana wani Bayerabe, Oga Tunde, mai rumfar kwano a bayan wata tasha. Bai ko ɗaga murfin inji ba. Ya ɗauko wani ɗan akwati mai waya, irin wanda daga baya muka riƙa kira balis, ya durƙusa ya soke wayar a wani rami ƙarƙashin sitiyari wanda ni ban taɓa sanin yana nan ba. Harafi da lambobi suka fito. Ya tambayi Alhaji ko motar tana wahalar shan mai wajen ɗurawa. Alhaji ya dube ni, na dube shi. Oga Tunde ya yi mana bayani da Hausarsa ta kasuwa. Ya ce fitilar nan hoton inji ne da ita, amma ba kullum inji take nufi ba, duk abin da ƙwaƙwalwar motar ta ga ba daidai ba da ita take faɗa. Ya ce waɗannan motoci ba sa barin tururin esans ya fita iska. Akwai tiyo daga tanki zuwa wani baƙin gwangwani cike da gawayi a ƙarƙashin mota, gawayin ya riƙe tururin har inji ya zuƙe shi ya ƙone. Gwangwanin kuma yana da ƙofar shan iska, da ɗan bawul mai buɗewa da rufewa. Lokaci lokaci motar takan gwada wannan hanya da kanta. In ta ga iska ba ta wucewa yadda ya kamata, sai ta kunna fitila. Kuma in hanyar ta toshe, iskar da ke cikin tanki ba ta da wajen fita in ana ɗura mai, shi ya sa man ke dawowa. Ya ce akwatin ba ya faɗin abin da ya lalace, unguwar kawai yake nuna maka, gidan kai za ka nemo.

Tare muka nemo shi. Ya fara da murfin tanki, ya duba robarsa, lafiya. Muka shiga ƙarƙashin motar muka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsage. Ya zare bawul ɗin ya taɓa masa wayoyi biyu daga batir, muka ji ya yi ƙas, ya saki ya sake yin ƙas, ya ce wannan da ransa. Sai ya miƙo mini tiyon da ke fita waje, wanda bakinsa ke ɓoye a saman ƙarfen baya, ya ce in hura. Na hura har kunnuwana suka toshe, iska ba ta wuce ba. Na zaro shi na leƙa. Jar laka ce ta cika bakinsa, ta bushe ta yi tauri. Zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da motar ke zaune a rumfa da damina. Na sa waya na zaƙulo lakar, har da busassun tsutsotsin da ya tara wa ƴaƴansa. Duka abin bai cika tafin hannuna ba. Oga Tunde ya goge laifin da akwatinsa, ya ce a hau ta kwanaki a gani, in fitila ta dawo to gawayin ne ya jiƙe, don masu cika tanki har baki suna tura masa mai. Na tambaye shi me ya sa take mutuwa duk lokacin da muka yi aiki. Ya ce ai duk wanda ya cire kan batir ya sa motar ta manta, sai ta sake gwajinta sannan ta tuna. Daga ƙarshe ya ga man da ke zuba, ya ɗaga murfi, ya shafa gefen injin da yatsa, ya tambaya wa ya buɗe. Na ce mu ne. Ya dube ni, ya goge yatsansa, ya aika aka samo juwan na ainihi, bai ƙara cewa komai ba.

A hanyar dawowa Alhaji Bukar ya bari sai da muka kusa kogi. Sannan ya ce in rage gudu.

“Lawali, maganar zanzaron nan ta tsaya tsakanina da kai. In Kiyari ya tambaya, wata waya ce ta tsinke a ciki, irin wadda ba a gani sai da na'ura. Ka ji ni?”

Na ce na ji. Ashe ma ba sai na yi ƙaryar ba. Da na isa garaji na durƙusa na gaishe shi, tambaya guda ya yi mini, ko an gyara. Na ce an gyara, Baba. Ya ce alhamdu lillahi, in miƙo masa guduma. Alhaji ne ya kai masa labarin wayar da kansa, ya kuwa karɓa. Fitilar kuwa ba ta sake kamawa ba.

Da a nan abin ya tsaya da ba ni da labarin ba ku. Amma motocin nan ƙaruwa suka yi ta yi, tsofaffin da muka iya kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan gwamnati, ƴan kasuwa, masu ayyukan agaji, kowa da fitilarsa, kowa sai ya haye kogi zuwa Maiduguri. Wasu sukan biyo ta wajenmu tukuna, Ba Kiyari ya leƙa tablo ya ce su wuce gaba, ba aikinsa ba ne. Tun motar Alhaji bai sake sa hannu a irinsu ba. Akwai ranakun da muke wuni ba mu taɓa ƙarfe ba. Na daɗe ina juya maganar a cikina kafin na same shi wata rana bayan la'asar, na tsuguna nesa kaɗan, na ce ina neman izini in je in koyi aikin akwatin nan, in kawo shi garajinmu, shi yana kan inji ni ina kan waya, mutane su daina wuce mu. Ya daɗe yana goge wani ƙarfe da tsumma. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa sosai.

“Shekara nawa ina jin ciwon mota da kunnena. In dai ina raye, ba akwatin da zai gaya mini abin da zan yi a wurin nan. Kai yaro ne, ka je ka koya. Amma ba nan ba.”

Gida ya rabu a kan wannan magana. Kawuna ya ce in tafi, sana'a ba ta jiran kowa, shi ma atamfar da ya fara sayarwa ba ita yake sayarwa yanzu ba. Kakarku Ya Falmata, matar Ba Kiyari, ta kira ni ɗakinta a ɓoye ta ce in yi abin da zai ciyar da jikokinta, tsohon taurin kai ne da shi amma ba mugu ba ne, zai huce. Madu ya ce in na tafi kada in dawo. Mahaifiyarku ce kaɗai ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba. Tana tankaɗe gari na gaya mata, ta ci gaba da tankaɗenta, sai can ta ce in jira shi ya gaji da kansa, ya tsufa, ba zai daɗe yana aiki ba, ranar da ya ajiye garajin nawa ne da Madu, sai in kawo duk akwatin da nake so. Na tambaye ta shekara nawa za mu jira, kuma me za ku ci kafin nan. Lokacin ku uku ne, tana da cikin autarku. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce abin da ta sani kawai, ranar da na buɗe wani wuri a garin nan, babanta ba zai sake zama yadda yake ba.

Na tafi bayan an kwashe tattasai. Na yi watanni wajen Oga Tunde ina masa aiki yana koya mini. Ban yi lakwal, wato boko, mai zurfi ba, da ƙyar na riƙa haddace lambobin da abin da kowace ke nufi, amma hannuna ya riga ya san mota, wannan kuwa daga kakanku na samo shi. Na sayar da babur ɗina na karɓi tsohon akwati a hannunsa. Ranar da na dawo Diffa, kafin in shiga gida, garaji na fara zuwa. Na ajiye akwatin a gefen bencinsa na gaishe shi, ina fatan ko watannin nan sun sassauta shi. Ya amsa gaisuwa da kyau, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Maiduguri. Bai dubi akwatin ba ko sau ɗaya. Sai ya nuna mini wani buhu a jingine da itace, bakinsa a ɗaure. Kayan aiki ne ya ware mini, masu kyau, har da waɗanda na san yana ji da su. Ya ce Allah ya ba da sa'a, Allah ya sa albarka. Na ɗauki buhun da akwatin na fita. Madu yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani, bai fito ba.

Na kafa rumfata a can ɗaya ƙarshen garin, da gangan, don kada a ce na tsaya masa a ƙofa. Da farko duk wanda ya kawo mini tsohuwar mota sai in ce ya kai wa Ba Kiyari, ya fi ni iya ta, kuma gaskiya na faɗa. Da labari ya kai masa ya aiko Fanna ta gaya mini in daina, shi ba ya karɓar sadaka. Na daina. Mutane kuwa ba sa raba mota biyu: wanda ya kawo maka don fitila, kai zai bar wa birkinsa da tayarsa. Na aika wa Madu har sau da dama ya zo in koya masa, aikin ya ishe mu mu biyu, ya ce shi ba ya barin ubansa. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Haka rumfata ta cika, itatuwan dogon yaro suka koma inuwar masu hira. Alhaji Bukar shi kaɗai ya ci gaba da kai masa tsohuwar babbar motarsa ko ba abin da ya same ta, har ya rasu.

Kun ci kun sha a shekarun nan, kun yi karatu, ba wanda ya kwana da yunwa. Amma gidanmu ya yi sanyi. Mahaifiyarku mai dariya ce a da, ku manya kuna iya tunawa. Kowace Juma'a takan dafa abinci ta kai gidansu, ta dawo idonta ja, ta ce hayaƙin murhu ne. Ba ta taɓa gaya mini magana marar daɗi ba, sai dai ta daina tambayata yadda aiki ya tafi. In na kawo nama mai yawa ta karɓa ta yi godiya kamar baƙo ne ya kawo. Ranar sunan autarku kakanku ya zo da sassafe da farar rigarsa, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa kan jaririyar, ya tashi kafin a kawo abinci. Ni kuma in na hango shi a masallacin Juma'a sai in je in durƙusa, ya amsa, ya tambayi yara da sunayensu, shi ke nan. Bai taɓa zagina ba, ko a gabana ko a bayana. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Shekarar da idonsa ya fara hazo ya rufe garajin. Madu ya koma tuƙin motar haya. Ba Kiyari ya ce zai koma Barwa wajen ƙanensa, kusa da gonar ubansu, ba abin da yake yi a Diffa. Kowa ya ɗauka Madu zai kai shi, sai ya aiko a kira ni. Muka tashi da safe lokacin sanyi, shi a gaba da jakarsa da butarsa a tsakanin ƙafafu, Ya Falmata za ta biyo daga baya da kaya. Duk hanya an shanya tattasai, ƙasa ta yi ja har inda ido ya kai. Muka wuce Tumur, garin amininsa. Ya yi masa addu'a, na ce amin. Sannan ya juyo.

“Lawali, Bukar ya tafi, ni ma na rufe. Ba sauran wanda za a ji wa kunya. Mene ne ya sami motar nan?”

Na ce ai waya ce, Baba, kamar yadda Alhaji ya faɗa.

“Wannan ta Bukar ce, na ji ta. Taka nake tambaya.”

Na rage gudu. Tun ina saurayi ban taɓa gaya wa mutumin nan abin da ba haka ba a kan mota, kuma ya san hakan, shi ya sa ya kira ni bai kira Madu ba. Na gaya masa duka: tururin, gwangwanin gawayi, bawul, tiyon da ke shan iska, da lakar zanzaro. Ya saurara kamar mai koyo. Ya tambayi kaurin tiyon, na nuna masa da ɗan yatsana, ya kama yatsan ya shafa don ba ya gani sosai. Ya tambayi inda bakinsa yake. Ya ce lalle, shi ya sa mai ke dawowa ta mazurari, Bukar ya faɗa ba mu ji ba. Sai ya tambayi abin da nake tsoro, me ya sa fitilar ke mutuwa duk lokacin da ya yi aiki. Na gaya masa maganar kan batir. Muka yi tafiya mai nisa cikin rairayi.

“Ashe injin lafiyarsa ƙalau.”

“Ƙalau, Baba.”

“Kuma na buɗe shi.”

Na ci gaba da tuƙi. Can ya tambaya ko mutumin Maiduguri ya ga inda ya rufe. Na ce ya gani. Ya ce me ya ce. Na ce bai ce komai ba. Ya gyaɗa kai, ya ce mutumin kirki ne.

A Barwa ƙanensa da yara suka fito tarya. Na zagaya in ɗaukar masa jaka, ya ce in bari, ba ta da nauyi. Ya ce in juya tun da rana kada Fanna ta damu. Na durƙusa, ya dafa kafaɗata, ya sa mini albarka da Barbarci, ya shiga gida yana laluben bango. Bai sake taka Diffa ba. Da damina ta zagayo ya rasu, tun kafin tashin hankalin da ya watsa mutanen garin, a can aka binne shi kusa da ubansa.

Ranar da na dawo daga kai shi, mahaifiyarku tana tsakar gida tana wanke wa autarku kai. Ta tambaye ni ko ya yi magana a hanya. Na zauna na ba ta labarin duka, tun daga Maiduguri, abin da ban taɓa gaya mata ba. Ta gama wanke kan yarinyar, ta goge mata, ta ce ta shiga ɗaki. Sannan ta zubar da ruwan, ta kife kwanon, ta tsaya ba ta dube ni ba.

“Da ka bar masa wayarsa,” ta ce.

Mun ƙara shekaru masu yawa tare, ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma har ta rasu ban samo abin da zan ce mata ba.